Bayan An Sallamo Shi Daga Kware, Sai Ina?

  Maganar da na zo da ita yau ba mai daɗin ji ba ce, kuma na san akwai waɗanda za ta sosa wa rai. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a ɗauko sanda.

Akwai wata magana da muka taso muka tarar, muna maimaita ta kamar saukakkiya: wai hauka ba ya warkewa, sai dai rangwame. Na ji ta a bakin tsoho, na ji ta a bakin ɗan boko mai digiri, na ji ta har a bakin mai wa'azi. Ni dai na ce wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai ɓarna, domin da ita muke binne mutane da ransu a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Da ita muke rufe wa wanda ya yi jinyar ƙwaƙwalwa ƙofar makaranta da ta shago da ta aure. Sannan idan zaman banza ya sake kayar da shi, sai mu tafa hannu mu ce, "Ba mun faɗa ba?"

Bari in fara da yabo, don kada a ce ban ga alherin mutanenmu ba. Idan lalurar ƙwaƙwalwa ta kama mutum a Kuchi ko Girkau ko Margai, ko a Sanyinna ko Jabo, danginsa ba sa kwanciya. Za a sayar da rago, a sayar da buhun gero, wani lokaci har a jinginar da gona. Za a yi rubutu, a yi tofi, a yi hayaƙi. Idan abu ya ci tura a ɗauki shatar mota, a bi ta Dogon Daji, a wuce Shagari da Boɗinga, a ratsa birnin Sakkwato, a miƙe har Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware. Duk wanda ya taɓa yin wannan tafiya da ɗan uwansa a kujerar baya, ƙarti biyu sun riƙe shi, ya san ba ƙaramin jihadi ba ne. Allah Ya saka wa iyaye da alheri.

Likitoci su yi nasu. Bayan 'yan makonni mutum ya dawo hayyacinsa, ya gane mahaifiyarsa, ya fara tambayar ina aka ajiye keken ɗinkinsa. A sallamo shi da magani a leda da katin ranar komawa. To daga nan tambayata ta soma: bayan an sallamo shi, sai ina?

Ga inda yake zuwa, kowa a cikinmu shaida ne. Ya koma shagon da yake koyon sana'a, maigidansa ya ce an riga an ba wani yaro wurin, ya bari a gani. Ya koma Islamiyyar dare, a kira wansa gefe a ce masa gara ya ɗan ƙara hutawa, iyayen yara sun fara magana. In mace ce, uwar adashe ta mayar mata da zubinta. Ya zauna a majalisar abokansa, hira ta mutu, ɗaya bayan ɗaya su tuna da wani uzuri. Yara su bi shi da "ɗan Kware, ɗan Kware", manya na zaune suna murmushi. Ya nemi aure, amsar ita ce wadda muka sani: "Wa ka ba mai taɓi ɗiyatai?" Ko a gida, saboda tausayi, a hana shi zuwa gona, a hana shi riƙe kuɗi, a hana shi ɗaukar ɗan ƙanensa. Kullum maganar ɗaya ce: zauna ka huta.

Sai ya zauna. Wata ɗaya, wata shida, shekara. Saurayi mai shekara 25 a gindin dogon yaro tun safe har la'asar, ba littafi, ba aiki, ba ko sisin kansa. Ranar komawa asibiti ta zo, kuɗin mota sai ya roƙa, kuma ya gaji da roƙo. Magani ya ƙare, ya yi shiru. Waɗanda kaɗai ba sa gudunsa su ne matasan bayan gari masu ƙwaya da wiwi, sai ya koma cikinsu, domin ɗan Adam ba ya rayuwa ba abokin hira. Ciwo ya dawo. Mu kuma mu ce karin maganarmu ya tabbata. Mu muka haƙa ramin, mu muka tura shi, kuma mu ne masu kafa hujja da faɗuwarsa.

ABIN DA LIKITOCI SUKA SANI

Kalmar "hauka" buhu ce da muke zuba cututtuka iri-iri a ciki. Akwai ciwon damuwa mai hana barci da cin abinci. Akwai firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali, kuma ƙauyukanmu da suka sha fama da 'yan bindiga ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. Akwai rikicewar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, wadda takan lafa idan an yi magani, amma sau da yawa kafin ta lafa takardar saki ta riga ta iso. Akwai wanda ƙwaya ta birkita. Akwai ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, mai sa mutum jin muryoyi da zargin ana farautarsa. Har mai farfaɗiya muke jefawa a buhun, alhali nasa ciwon daban ne, ba a ɗaukarsa ta yawu ko taɓawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.

Wannan hukuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, wato mutum miliyan 970, mafi yawansu masu damuwa da fargaba. In muka auna da wannan mudu, sahun sallah mai mutum 40 zai iya ƙunsar mutum biyar. Ko sikizofireniya, wadda ita ce ta fi tsorata mu, hukumar ta ce aƙalla mutum ɗaya cikin uku na masu ita yana warkewa sarai. Da yawa daga cikin sauran suna rayuwa da magani kamar yadda mai ciwon suga ko hawan jini yake yi. Wa ya taɓa hana mai hawan jini zuwa makarantar zaure don ciwonsa "sai dai rangwame"?

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani. Wasu magungunan ƙwaƙwalwa, musamman na da, suna sa rawar hannu, da nauyin jiki, da yawan barci, wani lokaci da dalalar yawu. Mu kuma muna ganin haka sai mu ce ai ga shi nan bai warke ba. Alhali wannan aikin magani ne, kuma likita na iya rage shi ko canza shi idan an koma an faɗa masa. Wato mutumin da yake ƙoƙarin shan maganinsa shi ne muke hukuntawa da alamun maganin.

ABIN DA MUKA KARANTA A ZAURE

Wani zai ce wannan duk zancen Turawa ne. To mu koma littattafan da muka fara buɗewa a gaban malamanmu. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san an lissafa gushewar hankali cikin abubuwan da ke warware alwala, an jera hauka tare da suma da maye da barci mai nauyi. Me wannan yake nufi? Yana nufin malamai sun ɗauke shi a matsayin hali mai zuwa ya wuce. Mutum ya farfaɗo, ya sake alwala, ya shiga sahu. Ba a ce ya tsaya a ƙofar masallaci ba, ba a ware masa sahu na daban ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya warke daga taɓin hankali yana rama azumin da ya wuce shi. Ba a ɗora wa mutum ramuwa sai an yarda ya dawo cikakken mai hankali. Malaman fiƙihu sun bambanta wanda ciwonsa ya zarce da wanda yake tasowa ya lafa, suka ce cinikin da na biyun ya ƙulla a lokacin da yake cikin hayyacinsa ya ƙullu. Ko a babin aure, inda aka lissafa taɓin hankali cikin aibobin da ke ba da zaɓi, an yanka wa miji wa'adin shekara guda ya nemi magani kafin a yi maganar rabuwa. Ana yanka wa'adin magani ga ciwon da ba ya warkewa?

Mu tuna kuma dalilin saukar surar Abasa. Makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ya zo neman a koya masa addini a lokacin da ake zance da manyan Ƙuraishawa, kuma Allah da kanSa Ya tsaya wa wannan mai neman ilimi. Darasin a fili yake: mai rauni da ya zo neman sani ba a kawar masa da kai. Saboda haka karin maganar nan tamu ba ta da gindi a asibiti, ba ta da gindi a zaure. Tsoronmu ne kawai muka naɗa wa rawani.

MU NE GIDAN "GEMU BA YA HANA ILIMI"

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ƙasar Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga karatun da ba ya da iyakar shekaru. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su tare a gaban malami ba. Ba ta ce to su haƙura ba. Ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, suna tahowa da ayarin mata daga ƙauyuka, suna komawa da karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Wannan ne tsarin 'Yan Taru. Ta duba halin ɗalibai, ta gina makaranta daidai da halinsu.

A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta tayar da Yaƙi da Jahilci, magidanta masu furfura suka zauna a kan tabarma suna koyon a, ba, ca, ba wanda ya ce sun makara. A 1990 aka kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa, kuma jiharmu tana da tata hukumar. Har gobe a Tambuwal, dattijo mai shekara 60 zai ɗauki Risala bayan sallar asuba ya durƙusa gaban malamin da ya haifa, kowa ya ce madalla. Mun yarda da tsoho, mun yarda da makaho mai haddar Alƙur'ani, mun yarda da gurgu mai ɗinkin hula. Mutum ɗaya ne kawai muka cire daga wannan falala: wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓa yin ciwo. Da wace hujja?

Kuma a gane, ga irin wannan mutum karatu ba ado ba ne. Aji yana ba shi dalilin tashi da safe ya yi wanka. Yana ba shi mutanen da za su lura idan kwana biyu bai zo ba. Yana ba shi suna sabo, ɗalibi ko ɗan koyo, a madadin wanda yara suka laƙaba masa. Sana'a tana ba shi kuɗin motar komawa asibiti ba tare da miƙa hannu ba. Ƙwayar magani tana kwantar da muryoyin da yake ji a kansa, amma ba za ta koya masa gyaran waya ba, ba za ta yi masa sallama a majalisa ba. Wannan rabin jinyar a hannunmu yake.

AN GWADA, AN GANI

Ba sai mun ƙetare teku ba. A 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Abeokuta, ya fara wani tsari a Aro. Maimakon a kulle majinyata a ɗaki, sai ya nema musu masauki a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan uwansa mai rakiya. Da rana su je karɓar magani, sauran lokaci suna cikin jama'a, suna zuwa kasuwa, suna taɓa aiki. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jiki maimakon ya yi gaba da su. Tsarin ya yi suna a duniya, Lambo kuma ya kai har muƙamin Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A garin Geel na ƙasar Beljiyam, sama da shekara 700 ke nan iyalai suna karɓar masu lalurar ƙwaƙwalwa su zauna da su a gida kamar 'yan uwa, kuma garin bai tashi ba.

A 2007 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birane shida na Turai, a kan mutum 312 masu lalura mai tsanani. An raba su biyu. Kashi ɗaya an bi da su ta tsohuwar hanya, wato a yi ta shirya mutum a keɓe har sai an ga ya isa. Ɗaya kashin an nema musu aiki kai tsaye cikin mutane, ana tallafa musu suna yi. A cikin wata 18, kashi 55 cikin 100 na rukuni na biyu sun shiga aikin biya, na farko kuwa kashi 28. Kuma waɗanda aka sa cikin mutane su ne suka fi ƙarancin komawa gadon asibiti. Wato "zauna ka huta har ka warke sarai" ba ita ce hanyar warkewa ba.

Ko a nan gida akwai masu yi ba tare da sun ji labarin Lambo ba. Na san wani mai gyaran babur a yankinmu da yaronsa ya yi jinya ya dawo. Mutane suka ba shi shawarar ya sallame shi. Ya ƙi. Ya ce yaro ya riƙa zuwa bayan azahar tunda magani na sa shi barcin safe, ya fara da wanke ƙarafa da facin taya, ranar asibiti kuma ba aiki. Wasu masu babur sun ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, sannan suka dawo, domin aiki mai kyau ba ya ɓuya. Yau wannan yaro shi ke kwance inji ya ɗaura. Maigidan nan bai yi boko ba, amma ya fi da yawa daga cikinmu masu takarda fahimtar abin da ake nufi da jinya.

GA MASU CEWA "AMMA"

Na san abin da za a ce, bari in amsa tun yanzu.

Za a ce suna da haɗari. Gaskiya ne mutumin da ciwo ya taso masa, ba ya shan magani, ko yake haɗawa da ƙwaya, yana iya yin ɓarna, kuma wannan asibiti ya kamace shi, ba aji ba. Ba a kansa nake magana ba. Ina magana a kan wanda likita ya sallama. Mafi yawan masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su ne ma aka fi cutarwa. Mu duba garinmu da gaskiya: wa ake jifa da dutse? Wa ake yi wa ciki a kango ba a san mai shi ba? Su waye suka yi wannan, masu taɓin ko masu hankalin? Kuma in tsoron tashin ciwo ne, wanda ke zuwa aji kullum shi ne za a fi saurin ganin canji a tare da shi, a gaya wa iyayensa tun abu bai yi nisa ba.

Za a ce masu lafiya ma ba su samu makaranta ba, balle waɗannan. Wannan ita ce hujjar da ta fi kama da gaskiya, amma a duba abin da nake nema. Ban ce a gina sabuwar makaranta ba. Islamiyya tana nan, zaure yana nan, shagon tela yana nan, ajin manya yana nan. Gurbi ɗaya a kan tabarma nawa ne kuɗinsa? Sannan a lissafa abin da zaman banzansa ke ci: ragon da za a sake sayarwa, shatar motar da za a sake ɗauka, da uwar da ta bar sana'arta tana gadinsa.

Za a ce ai aljanu ne, ba aikin asibiti ba ne. Ba zan yi jayayya da kowa a kan addu'a ba, ni ma ina yi. Tofi da magani ba kishiyoyi ba ne. Amma duk wanda ya ce wa majinyaci ya zubar da maganinsa, ko ya ɗauki bulala ya ce aljani yake duka, ya sani fatar ɗan mutane ce ke fashewa. Kuma ko mun yarda aljani ne, to bayan ya fita fa? Me ya hana a mayar da yaro makaranta?

Za a ce ni zan ba shi ƙanwata? Amsata ita ce, aure ana gina shi a kan gaskiya. A faɗi lalurar, kada a ɓoye, a tambayi likita, a duba ko yana riƙe da maganinsa da sana'arsa, sannan yarinya da waliyyinta su zaɓa. Abin da na ƙi shi ne a hana mutum karatu da sana'a, sannan a ce ba za a ba shi mata ba don ba ya da abin yi.

MARI IRI BIYU NE

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Wata guda bayan haka aka sake ganin irinsa a Daura. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton cewa dubban masu lalurar ƙwaƙwalwa suna ɗaure a faɗin Najeriya, a gidajen magani da wuraren ibada na Musulmi da na Kirista, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Dukkanmu mun yi Allah wadai a Facebook. Amma wanda aka hana shi aji da shago da majalisa shi ma a ɗaure yake, illa dai nasa marin ba ya ƙara idan yana tafiya.

Doka ma ta bar mu a baya. Tun daga dokar mahaukata ta Turawa ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, hukuma ba ta san komai game da waɗannan bayin Allah ba sai tsarewa. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta amince cewa su 'yan ƙasa ne masu cikakken haƙƙi, ta kuma hana a kori ma'aikaci don kawai ya taɓa yin wannan lalura. Kafin ita, a Janairun 2019, an sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, kuma ma'anarta ta haɗa da lalurar ƙwaƙwalwa mai daɗewa. Sai dai doka a Abuja take. Ba ita za ta buɗe ƙofar shago a Kebbe ba sai mai shagon ya miƙe ya buɗe.

ABIN DA NAKE NEMA

Na farko, malamanmu na zaure da na Islamiyya, Allah Ya gafarta muku. Idan ɗalibinku ya yi jinya ya dawo, kada ku jira ya zo, ku aika a kira shi. Ku zaunar da shi cikin 'yan uwansa. Kalma ɗaya daga bakin liman ranar Juma'a ta fi rubutuna ɗari.

Na biyu, teloli da masu walda da kafintoci da masu gyaran waya da na babur, da iyayenmu mata masu saƙa da ƙuli-ƙuli da ɗinki. Ku mayar da yaranku bakin aiki. Ku fara musu da rabin yini da aiki mai sauƙi, ku ɗaga musu ƙafa ranar asibiti.

Na uku, masu kula da ilimin manya da cibiyoyin koyar da mata sana'a a ƙananan hukumominmu biyu. A rubuta sunayensu a azuzuwan da ake da su, a koya wa masu koyarwa yadda za su zauna da su. Kada a buɗe musu aji na daban, domin kafin mako ya zagayo gari zai raɗa masa suna, kuma ba wanda zai sake taka ƙofarsa.

Na huɗu, shugabannin makarantun sakandare da na gaba da su. Ɗalibin da ya ajiye karatu don wannan lalura a ɗauke shi kamar wanda ya karye a ƙafa, a riƙe masa gurbinsa. Wanda shekaru suka ja masa, akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa mai cibiya a Sakkwato. A nuna masa hanya.

Na biyar, wakilanmu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, saboda haka ba kowa zai ga likita a Kware duk wata ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa kula da irin waɗannan majinyata. A tabbatar mutumin Kuchi zai iya karɓar maganinsa da allurarsa ta wata-wata a kusa da gida. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta fitar da Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ta fitar da Gwamna daga 2015 zuwa 2023. Ba mu rasa waɗanda suka san ƙofar gwamnati ba.

Na shida, marubuta da masu wasan barkwanci da masu riƙe da waya. A littattafai da finafinanmu hauka shi ne sakamakon kishiyar da asirinta ya koma kanta, ko abin ba da dariya tsakanin fage da fage. Yaron da ya taso yana kallon haka, me zai ɗauka game da maƙwabcinsa da ya dawo daga Kware? A rubuta mana wanda ya yi jinya ya koma makaranta ya yi aure, domin suna nan a cikinmu, tsoron bakinmu ne ya sa ba sa faɗa. Wanda kuma yake ɗaukar bidiyon mara lafiya a titi ya ɗora a TikTok don a yi dariya, ya tuna mutumin nan yana da uwa, kuma wata rana zai warke ya gani.

'Yan uwa, babu wanda ya karɓi takardar tabbacin cewa hankalinsa zai kai shi kabari lafiya. Zazzaɓi mai zafi, haihuwa, hatsarin babur, rasuwar ɗa, dare ɗaya a hannun 'yan bindiga, kowanne na iya juya mutum. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kowa a cikinmu ya san mutum ɗaya a unguwarsu da ya yi jinya ya dawo yana zaune. Kada a rubuta sunansa a nan, a rufa masa asiri. A je a yi masa sallama a wannan makon, a tambaye shi me yake son ya koya, sannan a raka shi wurin mai koyarwar.

Wanda yake ganin na yi kuskure, fili nasa ne, amma ya zo da hujjar da ta fi karin magana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya bar mu da hankulanmu, Ya sa mu zama masu buɗe ƙofa.